Injin tseren da Baba ya bar min: ta yaya zai koma na hawan yau da kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka. Mahaifinmu ya rasu bara, da aka raba gado motarsa Chevrolet Nova ƙirar 1972 ta faɗo a kasona. Injinta V8 ne mai lamba 350, wato girmansa inci kubik 350, shi da kansa ya haɗa shi don tseren mita 400. A takardunsa na ga an rubuta matsi 12.5:1, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa cakuɗen mai da iska. In na tsaya a danja sai ta yi ta jijjiga ta mutu, birki ya yi tauri, ruwa na tafasa a cunkoso, in na taka totur kuma sai in ji wata ƙara kas-kas. Wani abokina ya ce in canza kamshaf kawai, wato sandar nan mai tuddai da ke buɗe bawul, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi rabin gaskiya, amma rabin da ya bari ne zai huda maka fistin. Kafin komai, ka daina hawa da ita da man gidan mai. Wannan ƙarar da kake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, cakuɗen mai da iska ne yake fashewa da kansa saboda matsi da zafi, maimakon ya ci wuta a hankali. Yana karya ringi, yana cinye kan fistin, yana daka mital. Matsi 12.5:1 an yi shi ne don man tsere mai okten (ma'aunin jurewar mai ga irin wannan fashewa) 100 zuwa sama, alhali mafi kyawun man da za ka samu a famfo a can 91 ne zuwa 93.

Ga abin da ya haɗa kamshaf da matsi, kuma nan ne akasarin masu irin matsalarka suke asarar kuɗi. Kamshaf na tsere yana barin bawul ɗin shigar iska a buɗe har sai fistin ya yi nisa da hawowa. A ƙaramin juyi, wani kaso na cakuɗen yana komawa ta inda ya shigo, don haka matsin da silinda ke samu bai kai na takarda ba. Shi ya sa Baba ya ɗaga matsin, don ya cike wannan giɓin. To, ka sa ƙaramin kamshaf, bawul ya riƙa rufewa da wuri, duk matsin nan ya kulle a ciki. Silo zai daidaita, birki zai dawo, kai kana murna, ƙarar nan kuwa ta ninka. Tare ake sauke su biyun. Kamfanin Chevrolet ma ya bi ta nan: injinsa LT-1, wanda shi ma 350 ne, ya fito a 1970 da matsi 11:1, a 1971 aka sauke shi zuwa 9:1 saboda za a koma fetur mai ƙarancin dalma.

Sai dai kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka san abin da ke ciki, don takarda tana iya tsufa ta bar inji. A cire tof silinda a duba kan fistin, mai tudu ne ko shafaffe, a auna girman kwarmin ƙonewa, a karanta lambar da ke jikin kamshaf. Sannan a leƙa hanyoyin ruwa na bulok. Wasu masu tseren gajeren zango sukan cika su da wani abu mai kama da siminti don bangon silinda ya yi ƙarfi, tunda gudun daƙiƙoƙi ne kawai. In an cika naka har sama, a ganina ka nemi wani bulok ɗin, 350 ba ya wuyar samu a Amurka tun fitowarsa a 1967.

Nawa za a sauke matsin? In tof silindar na baƙin ƙarfe ne, ka nufi 9:1 zuwa 9.5:1. In na alminiyam ne, wanda ke saurin fitar da zafi, 10:1 yana tafiya da mai 93. Za a ce maka ka sa tof mai faɗin kwarmi ka huta da buɗe ƙasan inji. Mu yi lissafi. Kowace silinda ta 350 tana ɗaukar kusan cc 717. A matsi 12.5:1, sararin da ya rage a saman fistin kusan cc 62 ne. In ka tashi daga kwarmi mai cc 64 zuwa mai 76, ka ƙara 12 ke nan, matsin ya dawo wajen 10.7:1. Har yanzu ya yi yawa. Dole fistin mai tudu ya fita a sa shafaffe, kuma da an canza fistin sai a sake daidaita nauyin karanshaf. Dabarar sa gasket mai kauri kuwa ba na son ta sam. Tazarar da ke tsakanin fistin da shafaffen gefen tof ana so ta tsaya wajen inci 0.040, kusan milimita 1, don ta murza cakuɗen ya ƙone da sauri. In ta buɗe, matsi ya ragu a takarda amma fashewar tana nan.

Shi kamshaf, nemi mai tsawon buɗewa digiri 215 zuwa 225 in an auna daga ɗagowar inci 0.050, da tazarar tuddai digiri 110 zuwa 112, mai tafet (ƙarfen da ke hawa tuddan kamshaf ya tura bawul) na mai wanda ba sai ana yi masa saiti a kai a kai ba. Na tsere yakan wuce digiri 250. Taurin birkinka ma daga nan yake: na'urar da ke sauƙaƙa taka birki tana aiki ne da zuƙar iskar inji, tana son inci 16 zuwa 18 a ma'aunin zuƙar, babban kamshaf kuwa da ƙyar ya ba ta 10. In kamshaf ɗin mai shafaffen tafet ne, a sa sababbin tafet da sifirin ɗin bawul da suka dace da shi, a zuba baƙin mai mai yawan sinadarin zink, tashin farko a riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 cikin kowane minti, har tsawon minti 20 zuwa 30. Wanda ya bar shi a silo a wannan lokacin yana iya cinye tuddan tun ranar.

Kafireta mai cfm 600 (ƙafa kubik 600 na iska a minti), wadda maƙogwaronta na biyu ke buɗewa da zuƙar iska, ta wadatar; 350 a juyi 5,500 ba ya shaƙar abin da ya wuce 560. Manifol, wato hanyar da ke kai cakuɗen daga kafireta zuwa silinda, mai hawa biyu ya fi mai hawa ɗaya ja a ƙasa. A mayar wa distirbita da na'urar gabatar da wuta ta zuƙar iska, wadda masu tsere kan cire, ita kaɗai tana rage zafi da shan mai. Don maganin tafasar ruwa, a sa lagireto babba, fanka mai rumfa, famfon ruwa na bel, da tamostat.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan mota. Masu tsere suna son giyar aksil 4.56, wadda da taya mai inci 26 za ta sa inji juyi sama da 4,000 a gudun mil 70 cikin awa. Da 3.42 zai sauko kusan 3,100. In giyar otomatik ce, konbata (na'urar da ke haɗa inji da giya) mai kamawa a juyi 4,000 zuwa sama za ta dafa man giya a cikin gari. A sa mai 2,000 zuwa 2,400.

In tof silindar tsohon yayi ne na zamanin fetur mai dalma, wanda Amurka ta haramta wa motocin titi a 1996, a dasa masa mazaunin bawul mai tauri a gefen fitar hayaƙi tunda an riga an buɗe. Fistin, kamshaf da kafiretar Baba kuma kada ka zubar. Ka shafe su da mai, ka jera tafet ɗin bisa lambar gurbinsu, domin in aka cakuɗa su ba za su sake zama a kan wannan kamshaf ɗin ba.