Wai namiji ciki da shimfiɗa kawai ya sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekara uku da aurena, maigida bai rage ni da komai ba wajen cefane amma hira babu, ya shigo ya ci abinci ya kama waya. Ƙawayena sun ce haka maza suke, ciki da shimfiɗa kawai suka sani, wai in nemi haɗin mallaka da matsi wajen wata mai kayan mata a Instagram kafin a yi min kishiya. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Bambanci tsakanin maza da mata akwai, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 1989 wani masani ɗan Amurka, David Buss, ya fitar da binciken da aka yi kan abin da mutane ke nema wajen abokin aure a al'ummomi 37, har da Najeriya, mutum sama da 10,000. Maza sun fi mata damuwa da kyau da ƙuruciya, mata sun fi maza duba abin hannu. Amma abin da ya zo a sama wajen su duka biyun shi ne kirki da hankali da son juna. Mu da muke sulhu kullum abin da muke gani ke nan, namiji zai zauna ya ce "ta raina ni", matar ta ce "bai damu da ni ba", kuma in ka tona ciwon ɗaya ne.

To bari in zo kan matsin nan don shi ya fi ɓata min rai. Kusan kullum sai na haɗu da mace da ta cusa wani abu a gabanta, alif ne, garin da ba ta san me aka daka ba ne, wani ma a kwalba ba suna ba lambar NAFDAC, an karɓe mata kuɗin da zai yi cefanen wata guda. Wajen nan yana da ƙwayoyin halittarsa masu kare shi, kina zuba waɗannan abubuwan kina kashe su, sai ƙaiƙayi da ruwa mai wari da ƙuna, wata fatar ta tsage, kwanciyar da aka yi abin don ita ta koma azaba, mijin ya ƙara nisa, ita kuma mai sayarwa ta ce ai ba ki haɗa da na sha ba, ki ƙaro kuɗi. Haba! Mallaka kuwa in ta kai ga boka ai kin san hukuncinta ba sai na faɗa ba. Allah da Ya ambaci aure a Suratur Rum aya ta 21 natsuwa Ya ce da soyayya da jin ƙai, kuma bai ware wa mata kaɗai ba.

Maza da yawa an tashe su a kan cewa cefane shi ne soyayya, naki a tunaninsa ya gama sauke nauyi. Ki samu lokacin da ya huta, ba yana shigowa ba, ki ce masa kina kewar hirarsa, ki tambaye shi kasuwa ko ofis. Ƙawayen nan kuma ki daina kai musu sirrin ɗakinki. In har kin riga kin yi amfani da wani abu kina jin ƙaiƙayi ko zafi, ki je asibiti ki ga likitar mata, ki tafi mata da kwalbar.