Kuraye ne ke ƙarar da zakunan Yankari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Baffana yana kiwo kusa da gandun dajin Yankari. Ya ce kuraye sun yi yawa, suna ƙwace wa zakuna abinci, suna kuma ɗauke masa maruƙa. Wani mai magani ya ce ya barbaɗa guba a mushe, wai hakan ma taimakon zakuna ne. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kira baffanka yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe.

Kura ba ta ƙarar da zaki. Mafarauciya ce ta gaske, yawancin abin da take ci ita ke kashewa. A Ngorongoro ta Tanzaniya, cikin shekarun 1960, masanin dabbobi Hans Kruuk ya tarar cewa sau da yawa zakuna ne ke ƙwace naman da kuraye suka kayar. Kafin kuraye su kori zakanya daga kan nama sai sun yi mata taron dangi, in kuwa akwai babban namiji a wurin, da wuya su matso. Damisa takan haye bishiya da namanta, kyarkeci kuma ya kauce wa inda zakuna suka yi yawa. Da haka suke zama a daji ɗaya.

Maganar gubar ce ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. Wa ya gaya wa mai maganin nan cewa zaki ba ya cin mushe? Yana ci, kuma in ya iso, shi zai kori kura ya fara ci. A 2015 zakuna sun mutu a Masai Mara ta Kenya bayan sun ci mushen saniya mai guba. A 2019 ungulaye 537 suka mutu a Botswana a kan gawarwakin giwaye da aka sa wa guba. Bayan zaki da ungulu, sai dila da karnukan ruga su ci mushen, ruwan sama kuma ya wanke sauran gubar zuwa inda shanu da yara ke sha.

Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya da kusan 400 kacal. A Najeriya sai Yankari da Kainji. Mushe ɗaya na iya kwantar da zakanya da 'ya'yanta a dare guda, wallahi ba mu da zakunan da za mu yi wannan asara. Wasu masu barbaɗa guba kuwa, su ne ke komawa su kwashi kan ungulu da kitsen zaki su kai kasuwa. Su ji tsoron Allah.

Baffa ya yi wa garkensa shingen ƙaya mai kauri, maruƙa su riƙa kwana a ciki, a bar karnuka da babban mutum a wurin da dare. In an sake yi masa ɓarna, ya kai ƙara wajen masu gadin gandun.