An ɗinke mini bakin mahaifa bayan haihuwa, me zai biyo baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni 3 ke nan da na haihu a gida, kuma tun da naƙuda ta kama ni tsofaffi suke cewa in yi nishi. Bayan mabiyiya ta faɗo jini ya ƙi tsayawa, aka kai ni asibiti, aka ce bakin mahaifata ne ya yage, aka ɗinke. Zai warke kuwa? Zan iya sake haihuwa da kaina? Daga wata mai jego, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Bakin mahaifa yana buɗewa ne sannu a hankali har ya kai santimita 10, kuma idan mace ta fara yunƙuri kafin ya gama buɗewa, kan jariri yakan tsaga shi, galibi ta gefen dama ko hagu. Naƙuda mai saurin gaske, ƙaton jariri, danna ciki da hannu da jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda duk suna iya jawo haka. Wannan dabam yake da ƙarin da ake yi wa mace daga waje, domin shi yana can ciki inda ido ba ya gani sai an haska an duba da kayan aiki.

Haɗarinsa mafi girma kin riga kin tsallake shi, wato zubar jini. Alamar yagewar bakin mahaifa ita ce ungozoma ta taɓa mara ta ji mahaifa ta dunƙule da tauri, mabiyiya ta fita cif, amma jan jini yana ci gaba da tsiyaya. Jinin da ya kai rabin lita cikin awa 24 na farko ya wuce ƙa'ida, kuma ina roƙon iyayenmu su daina jiran zani na biyu da na uku ya jiƙe kafin a nemi mota, domin maganin tsayar da jini da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2017 yana amfani ne cikin awa 3 da haihuwa.

Ɗinkin zai warke in sha Allahu, zaren kuma narkewa yake yi da kansa. Ki dakata da kwanciyar aure har ki yi arba'in a duba ki, kada ki cusa komai a gabanki, ko da an ce maganin matsi ne. Wankan jego ki yi shi da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, ki rage kanwa a kunu domin tana wahalar da zuciyar mai jego. Ki sha maganin ƙarin jini, ki ci hanta, wake da zogale. Idan kika ji zazzaɓi, jiri, ciwon mara mai tsanani, ko jinin biƙi ya yi wari ko ya dawo da gudaji, ki koma asibiti a ranar.

Mata da yawa suna sake haihuwa da kansu bayan wannan. Sai dai yagewa mai zurfi takan raunana bakin mahaifa, ya buɗe ba tare da ciwo ba a tsakiyar ciki, a samu ɓari ko bakwaini. Saboda haka ki ajiye takardar sallamarki, ki fara awo da zarar kin yi ɓatan wata, ki gaya wa ungozoma abin da ya faru, domin idan ana bukatar ɗaure bakin mahaifa, tsakanin mako na 12 da na 14 aka saba yi. Haihuwa ta gaba kuwa ki yi ta a asibiti, kada ki yi nishi sai an auna an ce miki ya buɗe duka.