Dalilin da amsa take fita ta layin da ba nata ba

Ka tambaye ni me ya sa, a na'urarka ta Linux mai layin intanet biyu, ka yi wa fakiti (gutsuren bayanan da ke tafiya a kan waya) alama da iptables, manhajar tace fakiti, ka buɗe teburin hanyoyi na biyu, wato jerin da ke nuna layin da fakiti zai bi ya fita, amma masu shigowa ta layi na biyu ba sa samun amsa. Ba zan tsaya koya maka rubuta suna a /etc/iproute2/rt_tables ba, domin duk wanda bai san teburin local shi ne 255, main 254, default kuma 253 ba, bai isa ya taɓa na'urar mutane ba.

Alamar MARK a cikin na'ura kawai take rayuwa, ba ta bin fakiti kan waya. Saboda haka amsa tana zuwa babu alama, ta faɗa teburin main, ta fita ta layin farko ɗauke da adireshin layi na biyu, kamfanin layin kuma ya zubar da ita. Haɗin gaba ɗaya za ka yi wa alama: ka adana ta da CONNMARK --save-mark idan haɗi ya shigo, ka dawo da ita da --restore-mark a PREROUTING na teburin mangle, da kuma OUTPUT idan na'urar ce da kanta take amsawa. Dokarka ta ip rule fwmark, wadda ke tura fakiti mai alama zuwa teburi na biyu, ta kasance da lamba ƙasa da 32766 don a duba ta kafin dokar teburin main, sannan ka mayar da rp_filter, matatar da ke duba ko fakiti ya shigo ta layin da ya dace da adireshin mai aiko shi, daga 1 (tsanani) zuwa 2 (sassauci).

Wannan aikin na taɓa yi wa wani mai ofis mai layi biyu, komai ya zauna daram, ya ce zai cika mini ragowar kuɗina ƙarshen wata. Kafin wata ya ƙare, ya kawo wani yaro irinku, masu kwafo umarni daga intanet ba tare da karantawa ba. Umarnin farko a cikin abin da ya kwafo shi ne iptables -t mangle -F, wanda ya share alamomina kaf. Sai mai ofis ya kira ni yana kumfar baki, wai aikina jabu ne. Na kunna tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke shiga da fita, a gabansa, na nuna masa SYN, fakitin neman haɗi, yana shigowa ta eth1, layi na biyu, amsarsa SYN-ACK tana fita ta eth0, layin farko, na kuma nuna masa umarnin yaron a tarihin na'urar. Ya gani da idonsa, ya kawar da kai. Na mayar da dokokin saboda ma'aikatansa da aikinsu ya tsaya, shi kuwa har yau bai biya ni ba, kuma na samu labari yana yabon yaron a kan cewa shi ya gyara. Ban yafe ba.

Ka kuma sani cewa dokokin ip rule suna gushewa da zarar an sake kunna na'ura, don haka ka rubuta su inda za su tashi tare da ita, ka kashe ka kunna a gaban mai aikin, ya sa hannu a takarda kafin ka miƙa masa kalmar sirri.