Tambayi Likita: Tsakuwar ƙoda, ciwon ƙashi da 'yan ƙwayoyi huɗu da ke ɓoye a wuya

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan cuta guda wadda ba kasafai ake jin sunanta a asibitocinmu ba, wato yawan aikin paratayirod, 'yan ƙwayoyin nan huɗu da ke ɓoye a wuya. Akwai ta a cikinmu, gwajin da ke gano ta ne ba a cika yi ba. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Likita, shekaruna 54. Sau biyu ke nan ana samun tsakuwa a ƙodata. Ga ciwon baya da ƙafafu, ga ƙishirwa da yawan fitsari, amma an gwada ba ni da suga. Yanzu wani likita ya ce kalsiyam ya yi yawa a jinina. Ni da ko madara ba ta dame ni ba, daga ina ya fito? (Wata baiwar Allah, Gusau)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Likitan da ya auna miki kalsiyam ya kyauta, domin duk wanda aka samu da tsakuwar ƙoda, balle ta dawo masa karo na biyu, ya kamata a yi masa wannan gwajin. Kalsiyam ɗin da ya cika jininki kuwa, mafi rinjayen zato daga ƙasusuwanki yake fitowa.

A gaban wuya akwai tayirod, tsokar nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo. A bayanta akwai wasu 'yan ƙwayoyi, galibi huɗu, kowace ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Su ne paratayirod. Aikinsu ɗaya ne tak: gadin yawan kalsiyam a cikin jini, saboda zuciya da jijiyoyi da tsokar jiki ba sa aiki daidai sai yana kan ma'auni. Idan ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari da ake kira PTH. Shi kuma ya ciro kalsiyam daga ƙashi, inda kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yake ajiye, ya hana ƙoda zubar da shi a fitsari, ya kuma taso da bitamin D domin hanji ya ƙara tsotso shi daga abinci. Da zarar ma'auni ya cika, sai ƙwayoyin su dakata.

Cutar tana farawa ne lokacin da ɗaya daga cikinsu ta girma ta zama ƙari, ta daina dakatawa. Jini ya cika, amma tana ta sakin PTH dare da rana, shekara da shekaru. Ƙashi yana zaizayewa, ƙoda tana fama da kayan da suka fi ƙarfinta har su dunƙule su zama tsakuwa. Yawan kalsiyam yana hana ƙoda riƙe ruwa, shi ya sa kike yawan fitsari da ƙishirwa kamar mai suga. A wajen mutum 8 cikin 10 ko fiye, ƙwaya ɗaya ce kawai ke da laifi. Sauran yawanci duka huɗun ne suka kumbura. Kuma ki kwantar da hankalinki, ciwon daji a wannan wuri bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mata sun fi maza kamuwa, ninki biyu zuwa uku, musamman bayan ɗaukewar al'ada, wato daidai shekarunki.

Abin da ke damuna da wannan cuta shi ne yadda take rarraba alamominta har a kasa haɗa su. Ciwon ciki a ce olsa ce. Taurin bayan gida a ce basir. Ciwon gaɓoɓi a ce sanyin ƙashi. Kasala da mantuwa da ƙuncin rai a ce tsufa ne, wani lokaci ma a ce jifa aka yi. Kowace alama a ba ta maganinta, tushen yana nan. A Turai da Amurka, tun shekarun 1970 da aka fara saka kalsiyam cikin gwajin jini na yau da kullum, yawancin masu cutar ana gano su ne kafin su ji komai. A wajenmu sau da yawa sai mace ta ɗan yi tuntuɓe a tsakar gida ta karye a cinya, an kai ta wurin maɗori an ɗora ya ƙi kamawa, sannan a fara tambayar me ya cinye ƙashin. Wasu ma kumburi ne ke fito musu a muƙamuƙi, hoto ya nuna rami a cikin ƙashi, a ɗauka daji ne, alhali wannan cutar ce.

Abin yi yanzu: a maimaita gwajin kalsiyam tare da albumin (wani furotin na jini da kalsiyam ke maƙale masa), sannan a auna PTH a jinin da aka ɗiba lokaci guda. A yawancin ɗakunan gwaji, kalsiyam na mai lafiya yana tsakanin 2.1 da 2.6 mmol/L, ko 8.5 zuwa 10.5 mg/dL. Ki tafi da takardun tsakuwar nan duka.

Tambaya: Shin wannan cutar ita ce maƙoƙo? Ƙanwata tana da kumburi a wuya. (Wani bawan Allah, Damagaram)

Amsa: A'a, Malam. Maƙwabta ne kawai, aikinsu daban. Maƙoƙo na tayirod ne, kuma rashin aidin a abinci yana cikin manyan dalilansa. Ƙarin paratayirod ƙarami ne, yana can baya, da wuya a gan shi da ido ko a ji shi da hannu. Kumburin da ake gani a wuyan ƙanwarka kusan tabbas na tayirod ne, a kai ta a duba shi.

Tambaya: Mahaifina kalsiyam ɗinsa ya hau, PTH ɗinsa 61, takardar kuma ta nuna iyakar lafiya 65 ce. An yi sikanin wuya ba a ga komai ba. Ke nan ba shi da cutar? Yana shan maganin hawan jini. (Wani ɗan kasuwa, Kaduna)

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da kake bin lafiyar Baba haka. Abubuwa biyun da suka kwantar maka da hankali, ko ɗaya bai wanke shi ba.

PTH ba a karanta shi shi kaɗai, sai an ajiye shi kusa da kalsiyam. Idan kalsiyam ya hau, ƙwayoyi masu lafiya shiru suke yi, PTH ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ka ga ke nan 61 a jikin wanda kalsiyam ɗinsa ya wuce iyaka ya yi yawa, ko da takarda ba ta yi masa jan layi ba. A nan ne ake yawan sallamar marasa lafiya a ce musu lafiya lau. Da PTH ɗin ya yi ƙasa sosai, da sai mu juya neman wasu dalilan, irin su ciwon daji a wani sashe na jiki, tarin fuka, ko yawan shan bitamin D ba bisa ƙa'ida ba.

Shi kuma sikanin, ba da shi ake tabbatar da cutar ba. Jini ne ke tabbatarwa. Hoto amfaninsa ya nuna wa likitan tiyata inda zai nufa bayan an yanke shawarar aiki. Sikanin wuya yakan tsallake ƙaramin ƙari, ko wanda ya ɓuya a bayan maƙogwaro, ko wanda tun a halitta ya gangara cikin ƙirji. Tarihin cutar ma ya nuna haka. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Amurka, Charles Martell, sau shida ana buɗe wuyansa ba a samu komai ba, sai a aiki na bakwai a 1932, a birnin Boston, aka tarar da ƙarin a ƙirjinsa. Bai daɗe ba ya rasu, domin cutar ta riga ta yi masa ɓarna mai yawa. Yau akwai hoton da ake kira sestamibi, wanda ake yi a sashen hoton nukiliya na manyan asibitoci ƙalilan, irin na Ibadan da Abuja, akwai kuma wani nau'in hoton CT na musamman. Ko duka ba su nuna ba, ƙwararren likita zai iya duba ƙwayoyin huɗu da idonsa a ɗakin tiyata.

Ka kai wa likita kwalin maganin hawan jinin. Masu sa fitsari na dangin tayazayid, da ake yawan bayarwa a nan, suna ɗaga kalsiyam, haka ma litiyam da ake bai wa masu wasu larurorin ƙwaƙwalwa. Likita zai iya canza maganin a sake gwaji bayan makonni, amma kada Baba ya daina sha da kansa. Sannan a auna bitamin D da aikin ƙoda, a tara fitsarin awa 24 a auna kalsiyam ɗinsa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai wani yanayi na gado da jini ke nuna kalsiyam sama kaɗan, fitsari kuma ƙasa ƙwarai. Masu shi ba sa bukatar aiki, yin sa ma ba ya canza komai.

Tambaya: An tabbatar min da cutar an ce sai tiyata. Ni malamar Islamiyya ce, da muryata nake aiki, kuma na ji aikin wuya yana kashe murya. Shekaruna 43. Ba magani? (Wata malama, Kano)

Amsa: Malama, tsoronki yana da tushe, ba zan raina shi ba. Jijiyar da ke motsa murya tana wucewa dab da waɗannan ƙwayoyi. Amma a hannun wanda ya saba aikin, lalacewarta ta dindindin ba ta wuce kusan 1 cikin 100 ba. Dishewar 'yan kwanaki ko makonni ta fi yawa, kuma tana wucewa. Ribar kuwa babba ce: fiye da 95 cikin 100 suna warkewa gaba ɗaya da aiki guda. Cututtuka kaɗan ne muke iya faɗin haka a kansu.

Ƙa'idojin da likitoci ke bi sun ba da shawarar aiki ga duk mai alamomi, ga wanda bai kai 50 ba, wanda kalsiyam ɗinsa ya zarce iyaka da 0.25 mmol/L, mai tsakuwar ƙoda ko raunin ƙoda, da wanda ƙashinsa ya zaizaye ko ya taɓa karaya a gadon baya. Shekarunki kaɗai sun saka ki a ciki, domin shekaru masu yawa ne a gabanki, in Allah ya so, da ƙashi zai ci gaba da zuba.

Aikin ba sabo ba ne, wani likita mai suna Felix Mandl ya fara yin sa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1925. Idan hoto ya nuna ƙwayar, ƙaramar tsaga ake yi ta santimita biyu zuwa uku a cire ta kaɗai. Idan duka huɗun ne, a cire uku da rabi a bar guntu. Inda akwai kayan aiki, ana auna PTH tun ana cikin tiyata, saboda cikin 'yan mintuna yake ɓacewa daga jini. In ya faɗi da fiye da rabi minti 10 bayan cirewa, alama ce an kama mai laifin. Yawanci kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti.

Abin da za ki sa wa ido bayan aiki shi ne faɗuwar kalsiyam. Ƙashin da ya daɗe ana kwasarsa yakan zuƙe kalsiyam da sauri, likitoci na kiran wannan yunwar ƙashi, kuma ya fi faruwa ga waɗanda cutar ta daɗe a jikinsu. Alamarsa sagewar leɓe da kan yatsu, ko yatsu su murɗe. Da kin ji haka ki sanar nan take, ƙwayar kalsiyam da bitamin D suna gyara shi. Kumburin wuya mai saurin tashi ko wahalar numfashi kuwa na gaggawa ne.

Magani akwai, amma ba ya warkarwa. Sinakalset yana saukar da kalsiyam ba tare da gina ƙashi ba, alendironet yana ƙarfafa ƙashi ba tare da magance kalsiyam ɗin jini ba. Na waɗanda jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba ne. Shawarata, ki tambayi likitan kai tsaye ko ya saba yin wannan aiki, ba rashin kunya ba ne. Aiki na farko shi ne mafi sauƙi da aminci, komawa wuyan da aka taɓa buɗewa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ina wankin ƙoda, an ce PTH ɗina ya hau sosai. Ni ma aikin za a yi min? (Wani magidanci, Maiduguri)

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Naka daban ne. Ƙwayoyinka amsa kira suke yi: ƙoda ta kasa zubar da fosfet (wani sinadari da ake samu daga abinci), ta kasa sarrafa bitamin D, kalsiyam ya yi ƙasa, su kuma suka ninka aiki. Ana farawa da rage abinci mai fosfet, shan ƙwayar da ke kama shi tare da abinci, da bitamin D na musamman. Sai hakan ya gaza ake maganar tiyata.

Tambaya: An ba ni ranar aiki nan da wata uku. In daina shan nono da madara? Kuma zan iya azumi? (Wata uwargida, Sakkwato)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki daina. Hana jiki kalsiyam na abinci yana ƙara tunzura ƙwayar ta kwashi na ƙashi. Ki ci abincinki yadda kika saba, fura da nono ma ba laifi. Abin da za ki guje wa shi ne sayen ƙwayar kalsiyam a kemis ba da umarnin likita ba. Idan bitamin D ɗinki ya yi ƙasa, likita zai cike miki shi a hankali yana auna jini. Ki riƙa motsa jiki, domin yawan kwanciya yana ƙara kalsiyam a jini.

Babban abokin gabarki shi ne ƙarancin ruwa a jiki, balle a zafin Sakkwato. Jiki na bushewa kalsiyam ke ƙara hawa, shi kuma ya ƙara sa fitsari, abu ya yi ta zagayawa. Don haka maganar azumi ta dogara ga lambar da ke takardarki da lafiyar ƙodarki. Wadda nata ya ɗan hau kaɗan, ƙodarta lafiya, likitanta zai iya barinta ta yi, ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Wadda nata ya kusa 3.0 mmol/L, ko take da tsakuwa, ina ba ta shawarar ta ajiye ta rama bayan aiki, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ki nuna wa likitanki sakamakon kafin watan ya kama. Idan kuma amai ya taso, ko barci mai nauyi, ko iyali suka ga kina rikicewa, kada a jira ranar aiki, a kai ki asibiti a ranar a saka miki ruwa.