Fitsarin yaro a kan kafet: bushewa ta wadatar, ko sai an koma tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Unguwar Dosa cikin Kaduna, muna zaune a gidan haya. Falonmu kafet ne da aka manne da gam daga bango zuwa bango, kuma ina da yaro ɗan shekara 2 da nake koya wa zama a fo, yakan yi fitsari a kai. Surukata ta ce idan ya bushe ya tsarkaka, amma raina bai kwanta ba, har ta kai duk wanda ya taka wurin da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai na sa ya wanke, ni ma nakan rama salloli. Maigidana yana son a cire a sa tayil. Wanne ya fi a Musulunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, shimfiɗa kafet da sanya tayil duka halal ne, kuma sallah tana inganta a kan kowanne matuƙar yana da tsarki. Abin da ya bambanta hukuncinki da na wata shi ne cewa kafet ɗinki a manne yake, ba a iya naɗe shi a fitar tsakar gida a wanke, ga kuma yaron da ya riga ya fara cin abinci, wanda fitsarinsa najasa ne da sai an wanke ba tare da saɓani ba.

Maganar da surukarki Hajiya ta faɗa tana da asali a wajen malamai, sai dai an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Hanafiyya ne suka tafi a kan cewa ƙasa tana tsarkaka idan najasar ta bushe kuma alamarta ta gushe, Ibn Taimiyya ma ya zaɓi hakan, suna kafa hujja da zancen Abdullahi ɗan Umar cewa karnuka sukan shiga masallacin Manzon Allah (SAW) su fita ba a yayyafa wa wurin komai ba. To amma Hanafiyyan da kansu sun taƙaita wannan ga ƙasa da abin da ya kafu a cikinta, ba su shigar da tufafi da shimfiɗu ba, kuma ko a ƙasar sun ce a yi sallah a kanta amma kada a yi taimama da ita. Dalilin bambancin a fili yake, domin ƙasa tana shanye fitsari, rana da iska su cinye saura, shi kuwa kafet zare ne da soso, ruwan ne kawai yake tashi, ainihin najasar tana nan maƙale. Ki gwada da kanki: ki zuba ɗan ruwa a inda ya bushe tun jiya, ki kai hancinki, za ki ji zarni ya taso. A damunar Kaduna ma ba ki buƙatar gwaji, domin a watan Agusta raɓa kaɗai tana tayar da warin. Kuma da bushewa tana tsarkake abin da aka saƙa, da Annabi (SAW) bai umarci matar da ta tambaye shi game da jinin haila a tufafi da ta kankare shi sannan ta cuɗa da ruwa ba, tunda abin da ya bushe ake kankarewa. Idan wani ya ce ai an manne kafet ɗin da daɓe, saboda haka ya ɗauki hukuncin ƙasa, sai mu ce gam bai canza masa ɗabi'a ba, kuma har waɗanda suka faɗaɗa wannan ra'ayi sun shardanta gushewar launi da wari gaba ɗaya, abin da ba ya samuwa a nan. A mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu, ruwa ne yake ɗauke hukuncin najasa. Ina jan hankalinki kada ki mayar da wannan abin musu da surukarki. Ki bar maigidanki ya isar mata cikin ladabi, ko ki gyara wurin ba tare da kin ce komai ba.

Tsarkake shi a inda yake bai kai wahalar da kike zato ba. Da zarar yaron ya yi, ki danna busasshen tsumma ya tsotse, sannan ki zuba ruwa zalla wanda ya fi fitsarin yawa, ki sake tsotsewa, ki maimaita har ruwan da yake fitowa ya zama babu launi babu wari. Babu adadi ƙayyadadde kuma babu buƙatar niyya. Idan kin tabbata ya yi amma wurin ya ɓace miki, sai ki wanke iyakar yankin da kike zargi. Idan kuwa shakka kike ko ya taɓa wurin ko bai taɓa ba, yayyafi ɗaya da hannu ya isa, kamar yadda kika karanta a Ahalari, kuma haka Anas ya yi wa tabarmar gidansu da ta yi baƙi saboda daɗewa kafin Annabi (SAW) ya yi sallah a kanta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato wanke ƙafafun mutane da rama salloli. Wannan wasiwasi ne ya fara shigarki, kuma idan ba ki tare shi yanzu ba zai bi ki har cikin alwala da niyya. Asalin falonki tsarki ne, najasar da ke kusurwa ɗaya ba ta hana sallah a ɗaya kusurwar, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta najastuwa sai idan ta taka ainihin wurin da aka sani ba a wanke ba har wani abu ya maƙale mata. Ko a nan ƙafar kawai za a wanke, alwala tana nan. Wadda ta yi sallah da najasa bisa mantuwa ko rashin sani ana so ta sake ne a cikin lokaci, idan lokacin ya fita babu komai a kanta, saboda haka ki daina ramuwar nan daga yau. Ki ware sallaya mai kauri ki riƙa shimfiɗawa a busasshen wuri, domin shimfiɗa mai tsarki mai kauri tana raba ki da abin da ke ƙarƙashinta.

Game da zaɓi kuwa, ina ganin shawarar maigidanki ita ce ta fi dacewa da halin da kike ciki, ba don wajibi ba ne, sai don samun sauƙin tsarki da kwanciyar ranki, ga kuma ƙurar hunturu da kafet yake tarawa wadda take tayar wa wasu yara tari da asma. Amma tayil ma yana da nasa tarkon da mata da yawa ba su lura da shi ba. Ruwan da aka zuba wa Izal ko Dettol ko omo har launinsa ko ƙanshinsa ya canza yana gusar da ainihin najasar, amma a wajen Malikiyya bai ɗauke hukuncinta ba, ko da yake wanda ya taka wurin bayan haka bai najastu ba. Don haka ki fara tsane fitsarin, ki bi da ruwa zalla, sannan ki kawo maganin ƙamshi, kada ki ɗauki mofa ki ja fitsarin ki zagaye falon da shi.

Tunda gidan haya ne, ba ya halatta a fasa daɓe sai da izinin mai gidan, kuma ku rubuta wanda zai biya da ko za a cire daga kuɗin haya, domin irin wannan ne yake kawo rigima ranar tashi. Idan kuɗin tayil ya yi nauyi, kada a ci bashi mai ruwa saboda shi, ledar ɗaki tana biyan wannan buƙata. Idan kuma za a sa, a zaɓi mai ɗan kaushi saboda santsi, musamman da yake Hajiya tana shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, sannan a ajiye ƙaramar darduma a tsakiya wadda za a iya ɗauka a wanke a shanya.

Allah ne mafi sani.