An kwafe rigar da na zana a Roblox: yaya zan tabbatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zana riguna da wanduna na 'yan wasa ina sayarwa a Roblox, dandalin wasanni na intanet. Kwanan nan ciniki ya tsaya mini cak, sai na ci karo da wata riga a wani rukuni kamar an tsaga kara da tawa, launi kawai aka sauya, kuma Robux 5 (kuɗin cikin Roblox) suke sayar da ita. Wani ya yi mini magana a manhajar hira ta Discord ya ce yana da manhajar da za ta zaƙulo duk kwafin ta sa a goge su, amma sai na tura masa kukin asusuna, wato bayanin shiga da burauza ke ajiyewa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Yaya zan gane kwafi ne da gaske, kuma in tura masa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tura. Zan dawo kan wannan, domin ya fi satar rigar haɗari.

Tabbatar da kwafi ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Samfurin riga da wando, wato hoton da ake zane a kansa, girmansa ɗaya ne ga kowa, fiksel 585 da 559, don haka duk wanda ya sauke naki ya sake lodawa bai da damar motsa komai daga inda yake. Ki ɗauki hoton rigarki da na waccan daga kusurwa ɗaya, ki mayar da su baƙi da fari, ki ɗora ɗaya kan ɗaya a manhajar gyaran hoto irin Photopea ko GIMP, ki zaɓi yanayin Difference mai nuna bambanci. Inda suka zama abu ɗaya zai yi baƙi ƙirin. Sauya launi ba ya taɓa inuwa. Naɗewar yadi a gwiwar hannu, layin ɗinki, wurin da hannunki ya ɗan zame a wuyan riga, nan ake kama ɓarawo. Mutum biyu na iya zana baƙar riga mai hula ba tare da sun san juna ba, amma ba za su yi kuskure ɗaya a fiksel ɗaya ba.

Lambar kaya da ke cikin adireshin shafi tana hawa ne da lokaci, ƙaramar lamba ita ta riga shigowa. Shaida ce mai amfani, sai dai tana nuna wanda ya fara lodawa ne kawai. Wanda ya zana, fayil ɗinsa na asali mai hawa-hawa ne ke nuna shi, PSD ko XCF, inuwa daban, launi daban. Ɓarawo shimfiɗaɗɗen hoto ɗaya kawai yake da shi.

In kina da kaya da yawa kina son bincike ta kwamfuta, ki manta da SHA-256, hanyar fitar wa fayil tambari, domin fiksel ɗaya ya canza sakamakon ya rikiɗe gaba ɗaya. Irin su pHash ake amfani da su, masu ƙanƙance hoto su fitar da tambari mai bit 64, sannan a ƙirga bit nawa suka bambanta. Ki yanke bangon samfurin tukuna, in ba haka ba duk riguna za su fito kamar 'yan uwa.

To, maganar kuki. Kusan kullum sai wani mai zane ya kawo mini wannan kukan, kuma yawanci bayan aikin gama ya gama. An cusa wa mutane tunanin cewa kalmar sirri ce kaɗai abin ɓoyewa, kuki kuwa wani tarkacen burauza ne. Wannan tunanin ya jawo wa masu zane asarar da ta fi ta masu kwafi. Kukin .ROBLOSECURITY shi ne shaidar cewa kin riga kin shiga asusunki. An yi shi ne don kada a riƙa tambayarki kalmar sirri a kowane shafi, don haka mai neman sa so yake ya zama ke. Roblox da kansu sun rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a farkonsa cewa kada a nuna wa kowa. Amma mutum zai kwafe shi har da gargaɗin, ya miƙa wa baƙon da bai taɓa gani ba saboda ya kira kansa gwani!

Ki tambayi kanki: me binciken kwafi zai yi da asusunki? Kasuwar kaya a buɗe take ga kowa. Kuma babu wani mutum a waje da ke da ikon goge kayan wani, kamfanin ne kaɗai ke cirewa. Wanda ya ce zai goge miki ƙarya yake. Dabarun nasu suna sauya riga: wani zai ce ki girka ƙari a burauza, wani ya ce ki liƙa wani rubutu a wurin adireshi, wani ya ce ki tura fayil ɗin HAR, mai ɗauke da bayanan da burauzarki ta yi musaya da shafin, don ya “duba matsalar”, alhali kukin yana cikinsa. Da sun shiga, sai su kwashe Robux, su karɓe rukunin da kika gina, su bi abokanki da sunanki. Kuma masu zanen da ransu ya ɓaci suke farauta, don sun san mai fushi ba ya tsayawa tunani. In har kin riga kin danna wani abu nasa, ki canza kalmar sirri yanzu, ki fitar da asusun daga duk sauran na'urori a saitin tsaro, ki cire ƙarin da ba ki sani ba.

Hanyar da ke aiki tana da jinkiri, na sani, amma ita ce. Roblox kamfanin Amurka ne, yana bin DMCA, dokar kare haƙƙin mallaka ta 1998. Ki shigar da ƙorafi ta Rights Manager, sashen ƙorafin haƙƙin mallaka a Creator Hub, shafin masu ƙirƙira na Roblox, da adireshin rigarki da na kwafin. Wanda kika kai ƙara yana iya musantawa, kuma ƙorafin ƙarya yana da hukunci, don haka ki kai abin da kika zana da hannunki kawai. In rigar tana ɗauke da tambarin Nike ko wani ɗan wasan katun, wannan ɓangaren ba naki ba ne, ƙorafin na iya juyowa kanki.

Nan gaba ki ɓoye alamarki cikin zanen kansa, a inuwa ko ɗinki, domin wadda aka sa a gefen samfuri ita ake fara sharewa.